Bashin gida na NHF a Katsina: kuɗin na da sauƙi, takarda ce ke ka da mutum

Ma'aikacin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, idan ya duba takardar albashinsa da kyau zai ga wani ɗan layi mai haruffa uku, NHF, da 'yan kuɗin da aka zare a gabansa. Da yawa sun shekara goma ana yi musu wannan yanka ba su taɓa tambayar inda kuɗin ke zuwa ba, sun sa shi a sahun haraji. Ba haraji ba ne. Ajiya ce ta tilas, kuma ita ce tikitin neman bashin gida mafi arha da ake da shi a Najeriya. Wannan bashin, da bankin da ke ba da shi, da gidajen da ake saya da shi, su muka auna a nan, da ma'aunin mai albashi da ke haya a Kwado ko Sabuwar Unguwa yana son ya wayi gari a gidan kansa.

Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, an kafa shi ne da doka ta 3 ta shekarar 1992. Mai riƙe da shi shi ne Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, wanda ya samu wannan suna a 1977. Ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi duk wata. Da, dokar ta hau kan ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni baki ɗaya, amma gyaran da aka sa wa hannu a farkon 2023 ya mayar da ita ganin dama ga na kamfanoni. Ɗan kasuwa, tela, mai gyaran waya, duk suna iya yin rajista su riƙa zubawa da kansu. Wanda ya zuba na wata shida a jere ya cancanci ya nemi bashi. A kan takarda ke nan.

Mu fara da abin yabo, domin akwai shi kuma ba ƙarami ba ne. Kuɗin ruwan bashin kashi 6 ne cikin ɗari a shekara, kuma ana iya shimfiɗa biyan har shekara 30. Bankunan kasuwa kuwa, idan ma sun yarda su ba ka, abin ya haura kashi 20, wa'adin kuma gajere. A lissafe: Naira miliyan ɗaya a kan kashi 6 na shekara goma, biyan wata ya kama kusan Naira 11,100. Miliyan ɗayan nan a kan kashi 25 na shekara goma, kusan Naira 22,750 ne, ninki biyu har da ɗoriya. Idan aka ja ta zuwa shekara 30 a kan kashi 6, biyan wata bai kai Naira 6,000 ba. A shekarar 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30, don haka wanda ya ci bashin kashi 6 a irin wannan yanayi yana biya ne da Nairar da kullum ke ƙara sauƙi. Kuma biyan a tsaye yake: albashi na iya ƙaruwa, kuɗin haya na unguwa na iya ninkawa, shi yana nan yadda aka sa hannu.

An kuma sassauta kafin alƙalami tun 2018. Bashin da bai wuce miliyan 5 ba, ba sai ka ajiye komai ba. Daga nan zuwa miliyan 15, kashi 10 ne. Daga baya aka ɗaga iyakar bashin daga miliyan 15 zuwa miliyan 50, wanda ya fi amfanar masu neman gida a Abuja da Legas fiye da mu. A Katsina ba rufin bashin ke hana mutane ba, bakin ƙofar ne.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a sayi fom

Ƙa'ida ita ce biyan wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu. Ɗauki mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Kashi ɗaya cikin uku ya kama Naira 23,300 da 'yan kai. A shekara 30, wannan ba zai ɗauki bashin da ya kai miliyan 4 cif ba, kusan miliyan 3.9 ne. To wane gida ne na bulo, mai takarda, ake sayarwa miliyan 3.9 a cikin Katsina yau?

Sai shekaru, waɗanda su ne mutane suka fi mantawa da su. Shekara 30 ɗin nan ba kyauta ba ce ga kowa. Wa'adinka shi ne abin da ya rage maka kafin ritaya, wato, ga yawancin ma'aikata, cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Saurayi ɗan shekara 30 da bai daɗe da kama aiki ba yana da wa'adin gaba ɗaya. Magidanci ɗan 45 yana da 15 kawai, idan ma shekarun aikinsa ba su riga sun cinye su ba. Ga bambancin a gida ɗaya. A ce gidan miliyan 9 ne, an ajiye kashi 10, saura miliyan 8.1. Mai shekara 30 a gaba zai biya kusan Naira 48,600 a wata, ke nan yana buƙatar albashin kusan 146,000. Mai shekara 15 zai biya kusan 68,400, albashinsa sai ya kai 205,000. Abin takaicin shi ne mutum ba ya tunanin bashin gida sai iyali sun yi yawa, mai gidan haya ya fara ɗaga murya, lokacin da wa'adin ya riga ya gajarce. Mai shekara 30 ke da damar, amma hankalinsa na kan lefe da mashin.

A kula kuma, kashi ɗaya cikin ukun ana auna shi ne bayan an duba sauran basussukan da ke kan albashi. Wanda ya riga ya ci bashin ƙungiyar ma'aikata, ya karɓi na babur, ya ƙara da na bankin da ke turo saƙo a waya, zai tarar babu sauran wurin da bashin gida zai zauna.

Takardar fili

Nan ne yawancin masu nema a Katsina da Daura ke faɗuwa, kuma laifin ba na bankin kaɗai ba ne. Bashin jingina ne, gidan shi ne jinginar. Banki ba ya riƙe jinginar da ba zai iya kare ta a kotu ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka, wadda kowa ke kira C of O, kuma ba a jinginar da fili ko a sayar da shi a hukumance sai da amincewarsa.

Yanzu dubi yadda muke mallakar gida. Na cikin ganuwa, daga Yarinci zuwa Rafindaɗi zuwa Ƙofar Sauri, yawanci gidajen gado ne: kaka ya gina, 'ya'ya sun raba ɗakuna, jikoki sun ja katanga a tsakani, babu wanda sunansa ke kan wata takarda ta gwamnati. Na bayan gari kuma, ta hanyar Batagarawa, ta hanyar Jibiya, ta hanyar Daura, da yawa filayen awon igiya ne: gona ce aka yanka ƙafa 50 da 50 ko 50 da 100, dillali ya haɗa ciniki, aka rubuta takarda, mai unguwa da shaidu suka sa hannu. Wannan takarda tana da daraja tsakaninka da maƙwabci, tana iya taimakonka a gaban alƙali, amma bankin jingina ba ya kallonta. Ko takardar da ƙaramar hukuma ta bayar, sau da yawa sai an mayar da ita ta jiha kafin a karɓa, musamman idan gari ya riga ya cim ma wurin.

Matakan gyara sanannu ne, sai dai suna cin lokaci. A samo safiyo mai rajista ya auna fili ya kafa duwatsun iyaka ya fitar da taswira. A kai ofishin filaye na jiha, inda yanzu hukumar KATGIS ke tattara bayanan a kwamfuta, a bincika ko filin bai faɗa cikin wani shiri na gwamnati ba, ko hanya, ko magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta, ko kuma ba a riga an ba wani takarda a kansa ba. Wannan binciken a yi shi kafin a biya dillali, ba bayan an zuba harsashi ba. Sannan a nemi takardar mallaka, a biya kuɗin ƙasa na shekara-shekara da duk wanda ya taru. Idan gini za a yi, sai an samu amincewar hukumar tsara birane ta jiha a kan zanen ginin. Idan gidan gado ne, sai an yi rabo a kotu, an fitar da takardar da ta nuna kason kowa, kuma a gaskiya gidan da mutum shida ke da haƙƙi a cikinsa ba ya jinginuwa sai biyar sun sallama a rubuce.

Akwai wata tuntuɓe da ba a cika faɗa ba. Mai sayarwa yana da C of O, amma da sunan wanda ya saya a hannunsa ne, ko ma wanda ya saya a hannun wancan. Gidan ya sauya hannu sau uku ba a taɓa neman amincewar gwamna ba, don gudun kuɗin rajista. A idon doka, mai gidan shi ne na farkon nan, wanda wataƙila ya rasu. Warware wannan na iya cin fiye da shekara, kuma dole a nemo magadansa su sa hannu.

Sauran takardun da ake nema ba su da wahala idan an shirya: takardun albashi na watanni uku na baya, shaidar biyan haraji ta shekara uku, shaidar zubin NHF, wasiƙar tayin sayarwa daga mai gida, rahoton ƙiyasin darajar gidan daga ƙwararren mai ƙiyasi mai rajista, da lissafin kayan gini dalla-dalla idan ginawa za a yi. Abu ɗaya da ke dawo da fayil baya a banza shi ne saɓanin suna. Muhammad a katin ɗan ƙasa, Mohammed a banki, Mamman a takardar ɗaukar aiki, ga ranar haihuwa iri biyu. A daidaita NIN da BVN da takardar albashi tun kafin a fara.

Mai shiga tsakani

A tsarin da aka saba, ba FMBN kake zuwa kai-tsaye ka karɓi bashin sayen gida ba. Kana bi ta bankin jingina mai lasisi: FMBN ya ba shi a kashi 4, shi ya ba ka a kashi 6. Kashi biyun nan ne ribarsa, kuma idan ka kasa biya shi za a bi. Saboda haka ba ya ɗokin fayil ɗin ƙaramin ma'aikaci, kuma yakan nemi abin da zai rage wa kansa haɗari. Irin waɗannan bankuna sun taru ne a Legas da Abuja, ba su da yawa a wannan yanki, wanda ke nufin zirga-zirga da kiran waya.

Kuɗaɗen gefe su ne ba a sa wa a talla: kuɗin buɗe fayil, na mai ƙiyasi, na lauya, na binciken takarda, na hatimin gwamnati, na rajistar jingina, na neman amincewar gwamna, da inshora iri biyu, ta gobara da ta rai, wadda ke biyan ragowar bashin idan mai shi ya rasu. Inshorar ran nan abu ne mai kyau ƙwarai ga iyali, kada a raina ta. Amma jimillar kuɗaɗen takan girgiza wanda aka ce wa "babu kafin alƙalami" ya ɗauka babu ko sisi. Ka nemi a rubuta maka jerin duk abin da za ka biya, da sunan kowanne, kafin ka ajiye Naira ɗaya, kuma kowane biya ya shiga asusun banki da rasit, ba hannun wani jami'i ba.

Jinkiri shi ne babban aibin wannan hidima. Daga miƙa fayil zuwa fitar kuɗi ana maganar watanni ne, wani lokaci fiye da shekara. Mai gidan da ya yi maka tayi ba zai zauna jiranka ba, farashi na tafiya. A farkon 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya yi tsalle ya haura Naira 10,000 a wurare da yawa, har gwamnati ta kira masu kamfanonin aka yi maganar dawo da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Wanda aka yi wa lissafin gini kafin wannan tsalle, kuɗinsa suka fito bayansa, ginin a linta ya tsaya. Bashin gini kuma kashi-kashi ake sakinsa, sai an zo an ga matakin da aka kai kafin a saki na gaba, don haka duk wanda ya karkatar da kason farko zuwa biki ko jinya ya rufe wa kansa ƙofa. Shawararmu ga mai gini: ya sa rarar aƙalla kashi 15 zuwa 20 a lissafinsa, kuma da kuɗi sun shigo ya fara sayen rodi da kwano, waɗanda ba sa lalacewa a ajiye. Siminti kam ba a tara shi, danshi na taɓa shi ya daskare.

Kafin duk wannan, a tabbatar kuɗin da ake cirewa suna isa asusun. Lambar *219# a wayar da aka yi rajista da ita tana nuna abin da ya taru. Yakan faru wurin aiki ya cire bai tura ba, ko ya tura dunƙule ba tare da jerin sunaye ba, kuɗin su zauna ba mai su. Idan ka ga giɓi, ofishin albashinku za ka fara zuwa, ka nemi shaidar turawa ta watannin da suka ɓace, sannan ka kai reshen bankin a daidaita. Wanda bai ci bashi ba har ya yi ritaya ana mayar masa da ajiyarsa da ƙarin kashi 2 a shekara. A matsayin ajiya kam wannan asara ce, kuɗin da aka cire maka a 2005 ba su da ƙarfin da suke da shi a lokacin. Asusun yana da amfani ne ga wanda ya ci bashinsa, sauran suna tallafa masa ne.

Zancen ruwa

Ba za a yi maganar wannan bashi a Katsina a tsallake wannan ba. Mutane da yawa da suka cika kowane sharaɗi sun ƙi nema saboda kashi 6 ɗin riba ce, kome ƙanƙantarta, kuma suna da hujjarsu. Bankin ya sanar da tsarin da babu ruwa, wanda aka gina a kan ijara: banki ya mallaki gidan, kai kana haya kana sayen kaso a hankali har ya zama naka. Abin dubawa shi ne takardar yarjejeniyar kanta. Wa ke da gidan a tsawon wa'adin? Wa ke ɗaukar asara idan ya rushe ba da sakacinka ba? Me ake yi da tarar jinkirin biya? Idan an canza suna ne kawai aka bar komai a wuyanka, malamin da ya san mu'amala zai gane da karantawa ɗaya. A kai masa kafin sa hannu.

Ƙofofin da suka fi sauƙin shiga

Akwai tsarin haya-zuwa-mallaka, wanda a ganinmu ya fi dacewa da yawancin ma'aikatan jihar nan. Gidan na bankin ne ko na rukunin da ya ɗauki nauyin ginawa, takardarsa a shirye take, ka shiga kana biya wata-wata ko shekara-shekara, ranar da ka gama ya zama naka. Ba ka neman C of O, ba ka neman kafin alƙalami mai nauyi. Aibinsa, ba kai ke zaɓen unguwa ba, sai inda aka gina, kuma gidajen ba su kai yawan masu so ba.

Akwai bashin gyaran gida, wanda aka daɗe ana bayarwa har Naira miliyan ɗaya a kan kashi 6 na shekara biyar, biyan wata kusan 19,300. Shi ba ya buƙatar jinginar takardar gida, ta wurin aiki ake bi a riƙa cirewa daga albashi. Shi ne ya fi isa hannun ƙananan ma'aikata. Miliyan ɗaya a yau ba ta gina ɗaki da falo, amma tana sauya rufin da ke yoyo, ta haƙa masai, ta yi dabe da filasta. Sai bashin ƙungiyoyin gama-kai: ma'aikatan wuri ɗaya su haɗu, su samu fili babba mai takarda ɗaya, a gina musu, kowa ya ɗauki bashin nasa gidan. Wahalar takarda ta zama sau ɗaya maimakon sau hamsin. Ƙarfinsa da rauninsa duk shugabannin ƙungiyar ne. Ga ma'aikatan da ke tsarin fansho na karo-karo kuma, tun 2022 hukumar fansho ta PenCom ta yarda a ciri har kashi 25 na abin da ke asusun fansho a biya kafin alƙalami, idan an yi zubin wata 60. Yana taimakawa, amma daga abincin tsufanka ka ɗiba.

Gidajen kansu

Rukunin gidajen gwamnati ba baƙo ba ne a Katsina. Akwai Shagari Low-cost tun jamhuriya ta biyu, ga na hanyar Goruba, ga Barhim, ga Maƙera. Na baya-bayan nan shi ne shirin Renewed Hope na gwamnatin tarayya, wanda Shugaba Tinubu ya ƙaddamar a Karsana ta Abuja a Fabrairun 2024, ƙarƙashin ma'aikatar da Ahmed Musa Dangiwa, ɗan jihar nan kuma tsohon shugaban FMBN, ya karɓa a Agustan 2023. Katsina na cikin jihohi goma sha biyu na farko da aka ba gida 250 kowacce: 50 masu ɗaki ɗaya, 150 masu ɗaki biyu, 50 masu ɗaki uku, gida biyu-biyu manne da juna. Ana nema ta shafin intanet na ma'aikatar, a biya gaba ɗaya, ko kashi-kashi, ko ta bashin NHF, ko ta haya-zuwa-mallaka. Dabarar da muka yaba ita ce an zana su yadda mai ɗaki ɗaya zai iya ƙara na biyu da na uku idan hali ya samu. Haka Bakatsine ke gini dama, ɗaki-ɗaki.

Sai dai 250 a jihar da ƙidayar 2006 ta ba mutum miliyan 5.8, shekaru da yawa da suka wuce, ɗigon ruwa ne a kan dutse mai zafi. Kuma zanen irin waɗannan gidaje bai san zaure ba, bai san tsakar gida ba, bai san cewa uwargida na son inda za ta yi girki da itace ko gawayi ta shanya wanki ba tare da mai wucewa ya gan ta ba. Abu na farko da mai shiga ke yi shi ne katanga. A fili mai ƙafa 50 da 100, kewayen ya kai mita 91, idan za a ɗaga ta mita biyu da 'yan kai ana maganar bulo kusan 2,000, ban da ginshiƙai da ƙofar ƙarfe. A sa wannan cikin kuɗin gidan tun farko. A sa kuɗin ruwa ma: rukunin da ke bayan gari ba lallai bututun ruwan madatsar Ajiwa ya kai gare shi ba, don haka a tambaya ko akwai burtsatse da tanki, wa ke sayen man injin ko gyaran sola, kuma ko an kafa taransifoma an haɗa da layin KEDCO ko sandunan ne kawai a tsaye. Nisa ma kuɗi ne. Mai aiki a cikin gari da yara uku a makaranta zai iya tarar da abin da ya rage na haya ya tafi a kuɗin Keke Napep.

Duk gidan kwangila, na tarayya ne ko na jiha ko na ɗan kasuwa, a duba shi kafin a karɓi makulli, domin bayan an sa hannu gyara naka ne. A kankare bulo da ƙusa a inda ba a yi filasta ba: idan yana zuba kamar gari, an buga da yawa a buhu ɗaya. Bulo mai inci tara na kirki bai kamata ya wuce 25 zuwa 30 a buhu ba, masu son riba suna kai shi 45. A dubi ƙasan bango, idan fenti na kumbura yana ɓarewa daga ƙasa zuwa gwiwa, ba a sa abin tare danshi a kan harsashi ba, kuma fenti ba ya maganinsa. Tsagewar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa alamar harsashi na zama ne, ta fi siririyar tsagar filasta haɗari nesa ba kusa ba. A buɗe silin a leƙa: katakon an shafa masa maganin gara? An ɗaure shi da bango da ƙarfe ko rodi, ko an aza shi ne kawai? Iskar farkon damina a nan ba ta wasa, rufin da ba a ɗaure ba a gonar maƙwabci ake tsinto shi. A taɓa kwanon, mai lanƙwasa da yatsa biyu ba zai daɗe ba. A zuba bokitin ruwa a banɗaki a ga ko yana gangarawa mazurari ko yana komawa ɗaki. A buɗe murfin ramin masai a tabbatar an haɗa bututun, don akan tarar da wanda bai kai ko'ina ba. Lokacin duba gida mafi kyau shi ne Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ranar da fili ke faɗin gaskiyarsa. Mutanen Jibiya da suka ga ambaliyar Yulin 2018 ba sa buƙatar a yi musu bayanin gini a hanyar ruwa.

Wanda hidimar ba ta san da shi ba

Duk abin da aka faɗa a sama na mai takardar albashi ne ko mai ciniki da asusun banki mai motsi. Wanda ya fi kowa rashin muhalli a Katsina yau ba ya cikinsu. Shi ne manomin da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukan Batsari, Safana, Jibiya, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, ya shigo gari da mata da yara, yana kwana a kangon da mai shi bai gama ba, ko a ɗaki ɗaya na ɗan'uwa da mutum goma. Da gwauruwar da aka kashe wa miji, da almajirin da ya girma a zaure. Ba su da kashi ɗaya cikin uku da za a cire, ba su da fili, wasu ko katin ɗan ƙasa ya ƙone tare da gidan. Bashi, kome arharsa, ba maganinsu ba ne, kuma kuskure ne a riƙa lissafa gidajen sayarwa a matsayin amsar matsalarsu.

Abin da ya shafe su daban yake. Akwai gidaje 152 da gwamnatin jiha tare da hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka aza harsashinsu a Jibiya a 2024 domin waɗanda aka raba da muhallinsu. Akwai kuma shirin da ma'aikatar gidaje ta tarayya ta sanar na gina gida 100 a kowace ƙaramar hukuma cikin 774, wanda idan ya tabbata rabon ƙananan hukumomi 34 na Katsina zai zama 3,400. A irin wannan rabo, wurin da abin ke lalacewa shi ne jerin sunaye: wa ya rubuta shi, an kafe shi a fili inda mutanen gari za su gani su ce wane ba ɗan gudun hijira ba ne, kuma an hana sayar da gidan na wasu shekaru ko kuwa wata uku bayan rabo dillalai za su fara yawo da takardun. Sannan gida ga manomi ba ya cika sai da gonar da zai iya zuwa ya dawo lafiya. Idan babu ita, zai bar sabon gidan a kulle ya koma gari neman abin da yara za su ci.